Abin da Ke Cin Ƙarfin Kwamfutata

Jama'ar wannan shafi, yau ku yi min afuwa, babu doguwar gaisuwa. A waya nake buga muku wannan rubutun. In kun ga harafi ya tsallake, ku gyara da kanku.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ce auta a gidanmu, yayyena duk sun yi aure sun watse, daga ni sai Mama da Baba. Sana'ata zane a kwamfuta. Katin gayyata, tallan shago, takardar da ake liƙa wa kwalbar turare, duk ina tsarawa a ɗakina in tura wa mai maɗaba'a ya buga. Sai kuma Injiniya, mutumin da na cika muku kunne da labarinsa, wanda wasunku har cewa kuke, "Allah ya ba mu irinsa." To ku dakata da wannan addu'ar tukuna.

Kun san abin da ya sa na faɗa masa. Ba kyau ba ne, don kyansa daidai misali ne, ba kuma mota ba. Sanin halina ne. Ran da wata mata ta zage ni a kan katin da na yi mata, na kifa kai a tebur ina kuka, hawayen ba su bushe ba ya kira: "Jikina ya ba ni ba kya jin daɗi." Ran da na yini ina kallon wani takalmi ruwan zuma a intanet, ban gaya wa kowa ba, kwana kaɗan sai ga shi a leda, lambar ƙafata cif. Ni kuwa sakarya sai in rungume filo ina ta murmushi, ina cewa wannan ai haɗin Allah ne.

Mama kuwa ta fi ni nisa. A bakinta ba shi da suna sai "ɗana". Kullum maganar ɗaya ce: "Auta, me kike jira? Irin wannan namijin ba a barinsa a rana." Baba ya ce shi ba zai matsa min ba, amma yana son amsata ta ƙarshe idan Injiniya ya dawo daga aikin gadar da aka tura shi. Ni kuma na riga na yanke. Har na goge doguwar rigata mai ruwan ƙasa da mayafinta, na rataye a bayan ƙofa, wadda zan saka in shiga falon Baba in sunkuyar da kai in ce na amince.

Ana cikin haka kwamfutata ta ce ba ta san zance ba.

Ta daɗe tana tafiyar hawainiya, amma a satin nan abin ya wuce wasa. In na kunna ta, sai in je in dafa shayi in dawo tana nan tana tunani. In danna hoto, kibiyar ta koma zobe ta yi ta juyi. Fankar cikinta tana huci, ƙasanta ya ɗau zafi har ba ta ɗoruwa a cinya. Data kuwa sai dai in ga saƙon ta ƙare, ban san inda ta bi ba. Ga mai maɗaba'a yana ta kira a kan aikin wata makaranta. Injiniya ne ke duba min ita tun ran da na saye ta, shi ya zuba mata komai, amma yana can nesa. Sai na naɗe ta a jaka na nufi wajen Makanikiya.

Makanikiya ƙawata ce tun makaranta. Sunan ya bi ta ne saboda babu rediyo ko agogon da ya taɓa kwana lafiya a hannunta. Shagonta wani ɗan lungu ne a saman bene, cikin jerin masu sayar da waya, gawarwakin kwamfutoci jibge har rufi. Na same ta da rigar aiki mai aljihu huɗu a kan doguwar rigarta, tabarau a goshi, sukundireba a baki.

"Amaryar Injiniya! Yau an tuna da mu talakawa?"

"Ke dai bari. Duba min wannan, za ta kashe ni."

Ta kwance bayanta, ta hura fankar, ƙura ta tashi har na yi atishawa. "Wannan ba kwamfuta ba ce, katifa ce. A kan gado kike ɗora ta ko?" Na ce wani lokaci. Ta harare ni, ta mayar ta kunna. Babu abin da ya canza. Ta duba rumbun ajiya, ko rabi bai cika ba. Ta duba ƙwaƙwalwar, ta ce ta ishi aikina har da saura. Ta kashe tarkacen da ke tashi tare da kwamfutar in an kunna, nan ma babu canji.

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji ta. "Akwai abin da ke cin ƙarfinta a ɓoye, kuma ya iya ɓuya. In na ce zan yi farautarsa sai in kwana biyu, ke kuma aiki na jiranki. Fomat za mu yi."

"Wato me?"

"A share komai tas, a sake zuba mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, ta dawo kamar yau aka haife ta. Ayyukanki zan kwashe miki gefe tukuna, kada ki suma min a shago."

Tana jiran abin ya gama shiga ta ɗauko tsumma tana goge jikin kwamfutar, tana ɓamɓare lambobin ado da na manna mata. Da ta kai kan wani ɗan jan fure da ke sama, kusa da idon kyamara, na riƙe hannunta.

"Kai, bar wannan! Injiniya ne ya liƙa min da hannunsa."

"Sai ya sake liƙa miki wani. Gam ɗinsa ya narke yana tara datti." Ta ɓare shi ta cilla a kwando, ba ko tausayi.

Da aka gama, wallahi ban gane kwamfutata ba. Kafin in ƙifta ido ta buɗe, shiru kamar ba a kunne take ba. Manhajojin zanena suna gida a filash ɗin da Injiniya ya ba ni, don haka Makanikiya ta kafa min doka, tana kaɗa min sukundireba a hanci.

"Ɗaya bayan ɗaya, kin ji ko? Kada ki zuba su gaba ɗaya kamar mai zuba kayan wanki. Ki saka ɗaya, ki kashe ki kunna, ki ɗan yi aiki, ki saurari fankar. In lafiya, ki saka ta gaba. Wadda ta sa ta haki, ita ce ɓarauniyar. Ki kira ni."

Ina cikin motar komawa gida saƙonsa ya shigo.

"Lafiya dai? Tun safe ban ji motsinki ba."

Na rubuta masa cikin murna cewa an yi wa kwamfuta fomat, ta warke. Ban sauke wayar ba ya kira. Muryar da na sani mai sanyi yau ta zo da kaifi.

"Wa ya ce ki kai ta wani waje? Ba na ce kada kowa ya taɓa ta sai ni ba?"

"Haba, aiki ne ya matse ni. Kuma ƙawata ce."

Sai ya sauke murya. "Shi kenan, ranki ya daɗe, kishi ne. To ki saka duk abin da ke cikin filash ɗin nan, kada ki bar ko ɗaya. Musamman ta haruffan ado, in babu ita sauran ba za su yi aiki daidai ba."

Ku ji ni da wauta, wai daɗi na ji. Na ce a raina, namijin da ke kishin ko kwamfutata.

A gida ma Mama ce ta tare ni a tsakar gida. "Ina kika kai ta? Me ya hana ki jira ɗana ya dawo? To ki yi yadda ya ce, shi ya san kan abinsa." Da yamma ta leƙo ɗakina wai tana neman almakashi, ta sake leƙowa wai allura. "Kin saka abubuwan?" Na ce sai gobe, na gaji. Na yi dariya na ce, "Mama, ko ke ce mai katin makarantar?" Ta ja tsaki ta fita.

Yau da hantsi na zauna. Zafi ake yi, na tura ƙofa, na cire ɗankwali, kaina ma rabi a tsefe, daga ni sai 'yar shimi da zani. Haka nake zama kullum in ina aiki, ai ɗakina ne. Na jona caja, na soka filash.

Na saka manhajar zane, na kashe na kunna. Lafiya lau. Na saka ta gyaran hoto, na buɗe katin makarantar na ɗan taɓa, kwamfuta tana gudu kamar an biya ta. Na saka ta tura aiki wa maɗaba'a, nan ma shiru. Har na fara waƙa. Saura ɗaya, ta haruffan ado. Na lura sauran ukun suna aiki sumul ba tare da ita ba, amma na ce tunda ya ce, bari in cika umarni. Ta shiga da sauri, ba ta ma nuna min komai ba. Na kashe na kunna.

Sai fanka ta ɗauka.

Kibiya ta koma zobe. Na ce to, an kama ɓarauniya. Ina miƙa hannu zan ɗauki waya sai idona ya kai sama. A daidai inda furen nan yake da, wata 'yar mitsitsiyar farar fitila ce ke ci. Ni tunda nake da kwamfutar nan ban taɓa sanin akwai fitila a wurin ba.

Na kira Makanikiya. "Na samo ta, ta haruffa ce. Amma kin lalata min wani abu, wata fitila ta kama a sama."

"A ina?"

"Kusa da kyamara."

Na ji hayaniyar shagonta ta yanke, alamar ta fita waje. "Kin buɗe wani abu na kiran bidiyo?"

"A'a."

"Saurare ni. Tashi ki fita daga ɗakin da wayar, kamar za ki sha ruwa. Kada ki kalli fitilar."

Na tashi. Na fito baranda na tsaya bayan igiyar shanya.

"Wannan fitilar ba ta kamawa sai kyamara tana aiki," in ji ta. "Shi ya sa aka yi ta, don mutum ya sani. In ba ke kika kunna ba, wani ne ya kunna. Yana ganinki, yana jin ki, yana ganin duk abin da kika buɗe. Tura hotonki waje ne ke cinye ƙarfin kwamfutar da datarki. Wa ya ba ki filash ɗin?"

Ba ta jira amsata ba, ta ƙara jefo wata tambayar.

"Wa ya liƙa furen?"

"Ke Makanikiya, ki ji tsoron Allah. Ƙila bairos ne ya shiga filash ɗin bai sani ba."

"Ƙila. Bairos ɗin ne kuma ya sayo fure ya manna. To kada mu ɗauki alhakinsa, mu gwada. Yanzu abin ya kama, ƙila bai leƙo ba tukuna, bai ji maganarmu ba. Ki koma ki zauna, ki dafe kanki kamar yana ciwo. Kada ki ce komai, kada ki rubuta wa kowa. Ki jira."

Masu karatu, ban san da wace ƙafa na koma ɗakin ba. Hannuna ya kai kan ɗankwali, sai na tuna in na ɗaura za a gane na gane. Na zauna haka, na dafe goshi da hannu biyu, na runtse ido. A zuciyata addu'a nake, Allah ka sa wayar nan ta yi shiru, Allah ka kunyata Makanikiya, na yarda ta yi min dariya har ƙarshen rayuwata.

Wayar ta yi ƙara.

"Ranki ya daɗe, jikina ya ba ni kanki yana ciwo. Ki sha magani ki ɗan kwanta, aiki ba ya ƙarewa."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta, na sake karantawa. Ashe jikin nasa da ke ba shi labari a kan teburina yake zaune, ni ke jona masa caja. Kukan da na yi, takalmin da na kalla, duk ba zuciya ba ce, ido ne. Sai kuma abin da ya fi wannan ya faɗo min: watanni nawa ina zama a gaban abin nan ba ɗankwali? Sau nawa na fito wanka na shafa mai tana buɗe tana waƙa? Kunya ta rufe ni. Ban taɓa jin na tsani fatar jikina ba sai yau.

Ban yi tunanin kashe kwamfutar ba, ban yi tunanin komai ba. Mutum ɗaya ce ta zo min a rai. Na fizge caja, na sungumi kwamfutar a buɗe, na yi ɗakin Mama da gudu ko takalmi babu. Na bankaɗa labule. Tana zaune a bakin gado da tabaraunta na karatu, waya a cinya.

"Mama! Mama, kin ga abin da Injiniya ya..."

"...abin da Injiniya ya..."

Na tsaya cak. Muryata ce ta maimaita kanta, siririya, daga cinyar Mama. Ta yi wuf za ta kife wayar, amma na riga na gani. Haɓata ce a ciki, da wuyan shimita, da silin ɗakin da muke tsaye.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

"Mama?"

"...Mama?" in ji wayar.

Ta lalubi maɓalli ta rage sautin. Ta cire tabarau, ta gyara zama, ta ɗaure fuska irin ta ran da ta san ba ta da gaskiya amma ba za ta sauka ba.

"To mene ne? Ni na ce ya saka. Yarinya ta tura ƙofa tun safe har yamma, ita da na'ura, tana magana da mutanen da ban sani ba, in zuba ido? Ba ki ji abin da ke faruwa da 'ya'yan mutane ba? Na kai masa kukana, ya ce akwai dabara. Uwa ce ta duba 'yarta, ba wani ba. Ni na haife ki, wane abu ne a jikinki ban sani ba?"

Na ajiye kwamfutar a kan gado. Na tambaye ta:

"Ke kaɗai?"

"Da wa kuma? Ya ce wayata kaɗai ya haɗa. Har rantsuwa ya yi min."

"Mama, yanzu kin ga na dafe kai?"

"Na gani. Ina shirin tasowa ne in kawo miki magani."

"Kin gaya masa?"

"In gaya masa me? Yau ko gaisawa ba mu yi ba."

Na miƙa mata wayata. Ta mayar da tabarau. Mama ba ta da saurin karatu, tana bin kalma da yatsa, leɓenta yana motsi. Na ga yatsan ya tsaya a kan "kanki yana ciwo". Ta duba lokacin da saƙon ya shigo. Ta ɗago ta kalle ni, ba fuskata ba, kaina da ke a tsefe, kafaɗuna, hannuwana. Sai ta juya ta kalli farar fitilar da ke ci a kan gadonta, tana kallonmu mu biyu.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai yau.

"La'ilaha illallahu," ta ce a hankali. "Ni? Da hannuna?"

Ta zabura ta danne murfin kwamfutar da tafi biyu, har na ji ya yi ƙara. Ta fizgo mayafinta daga kan filo ta lulluɓa min, ta ja shi ta rufe min kai, ta rufe kafaɗa, tana ta cusa gefensa a wuyana kamar jaririyar da za a fita da ita cikin sanyi. Tana ta faɗin, "Rufe, rufe jikinki, Auta, rufe." Na tsaya kawai ina kallonta. Na so in ce mata, Mama, ai an riga an gani, amma bakina ya ƙi.

Sai wayarta ta fara ruri a kan gado. Mu duka muka kalla. A fuskar wayar an rubuta "Ɗana".

Kiran ya yanke, ya sake shigowa. Ya ji komai, mun sani, har zuwa lokacin da aka rufe murfin. Daga falo na ji Baba yana gyaran murya, yana tambayar wayar wa ke ta kuka ba a ɗauka.

Mama ta juyo wajena. Matar da tun da na buɗe ido ita ke gaya min abin da zan saka da abin da zan ce, yau ta riƙo gefen mayafin da ke jikina, idonta cike da hawaye, ta ce:

"Auta, me kike so in ce masa?"